Bayajida a Gaban Malaman Tarihi: Ina Ainihin Gardamar Take?

Shin Bayajida mutum ne da ya taɓa shigowa Daura da dare ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ko kuwa labari ne da aka tsara daga baya domin a bayyana yadda gidajen sarautar ƙasar Hausa suka haɗa zumunci? Wannan tambaya ba ta daɗewa ba ta sake tasowa ba, musamman a 'yan shekarun nan da gardamar asali da ƙabila ta yi ƙamari a Facebook da TikTok da shirye-shiryen rediyo. Wani zai ce Hausawa jikokin ɗan sarkin Bagadaza ne, saboda haka Larabawa ne. Wani ya juya wannan magana ya ce ashe ke nan Hausawa ma baƙi ne a ƙasar da suke zaune. Na uku kuma ya share zancen gaba ɗaya, ya ce ƙarya ce Turawan mulkin mallaka suka shirya. Kowannensu yakan rufe bakin abokin gardamarsa da cewa masana sun tabbatar da haka. To amma malaman tarihi sun fi shekara 100 suna ja-in-ja a kan wannan labari, kuma wanda ya bi abin da suka rubuta zai tarar cewa babu ko ɗaya daga cikin maganganun nan uku da ta dace da inda muhawararsu ta dosa.

Abin da labarin ya faɗa da bakinsa

Kafin a shiga gardama ya kamata a saurari labarin kamar yadda aka fi ba da shi a Daura. An ce Bayajida, wanda wasu ke kira Abu Yazid, ɗan sarkin Bagadaza ne da ya baro gida da rundunarsa ya sauka Borno. Sarkin Borno ya aura masa 'yarsa Magira, sa'an nan ya yi ta raba shi da mutanensa da dabara, har ya ga alamar za a hallaka shi ya gudu yamma. Ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas, wato Biram ta ƙasar Haɗeja, ya biya ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka gaya masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke cikin rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, sarauniya Daurama ta aure shi. Kuyangar da ta ba shi ta haifi Karɓagari, ita kuma ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka jingina mata Banza Bakwai, waɗanda aka fi lissafawa da Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa, ko da yake jerin yakan sauya daga bakin wannan mai ba da labari zuwa wancan.

Akwai abin da masu gardama kan tsallake, alhali yana nan a fili cikin labarin. Sa'ad da baƙon ya iso, ya tarar da gari mai rijiya, da maƙera masu aikin ƙarfe a Gaya, da sarauniya a kan karaga wadda jerin sarakunan Daura ya nuna cewa mata da dama sun riga ta mulki, tun daga Kufuru. Ashe labarin da kansa bai taɓa cewa Bayajida ne uban dukan Hausawa ba. Abin da ya ɗauka yana bayani shi ne asalin gidajen sarauta da dangantakar da ke tsakaninsu, kuma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin labarin haihuwar al'umma ya riga ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. A ganina rabin hayaniyar da ake yi daga wannan kuskure ta taso.

Yaushe aka fara jin sa a rubuce?

Manazarta adabin Hausa suna kiran irin wannan labari tarihihi, wato labarin da ke ambaton wurare da mutanen da aka sani amma aka cakuɗa shi da abubuwan al'ajabi, saɓanin tatsuniya wadda kowa ya san ƙagagga ce. Malamin tarihi ba ya jefar da tarihihi, ba ya kuma haɗiye shi yadda ya zo. Tambayoyinsa na farko su ne wa ya ba da labarin, a wane zamani, a gaban wa, kuma wa labarin ya yi wa amfani. Tun bayan da Jan Vansina ya shimfiɗa ƙa'idojin nazarin tarihin baka a 1961, wannan hanya ce aka fi bi a jami'o'in Afirka.

Da aka bi sawun labarin Bayajida a cikin rubuce-rubuce, sai aka ga abin da ya ɗaure kai. Matafiya da malaman da suka ambaci ƙasar Hausa tun da daɗewa ba su kawo shi ba. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ambaci Gobir a matsayin ƙasar da ake kai wa tagulla. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya kammala littafinsa a 1526, inda ya yi bayanin Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara a jere, bai ware Zamfara a matsayin bare ba, bai kuma kawo Daura ko Rano ko Biram cikin masarautun da ya lissafa ba.

Sai a ƙarni na 19 aka fara ganin wani yanki na labarin a takarda. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812 tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya ambaci Bawo a matsayin kakan sarakunan waɗannan ƙasashe, amma ya ce bawan Sarkin Borno ne, ya kuma ware Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne, ba bayi ba, da suka fito daga Ƙibɗawan Masar. Babu Bagadaza a nan, babu macijiya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ji sunayen Bawo da Karɓagari da rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai, sai dai tsarin nasabar da ya rubuta ya sha bamban da wanda muka saba ji. Cikakken labarin mai ɗan sarkin Bagadaza da rijiya da kuyanga ya bazu ne a rubuce a farkon ƙarni na 20, ta hannun jami'an mulkin mallaka irin su E.J. Arnett da H.R. Palmer, waɗanda suka karɓo shi daga malamai da fadawa.

Wannan jeri ya rushe maganar masu cewa Turawa ne suka ƙirƙiro labarin, domin Bello ya san Bawo fiye da shekara 90 kafin sojojin Gwamna Lugga su shiga Kano da Sakkwato a 1903. Amma kuma ya nuna cewa labarin ba abu ne guda da ya sauko daga kaka da kakanni ba tare da canji ba. Kowane zamani ya ba da shi ta fuskar da ta dace da shi. Bello yana rubutu ne a tsakiyar jayayyarsa da Shehu al-Kanemi na Borno a kan halaccin jihadi, gidajen sarautar da jihadin ya kora kuma daga baya suka kafu a Maraɗi da Tsibiri da Zango da Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, suna riƙe da nasabarsu a matsayin hujjar cewa su ne masu ƙasa. A Daura ma, inda aka kori Sarkin Gwari Abdu a farkon jihadi, Turawa sun maido da gidansa kan sarauta wajen 1906. A irin wannan hali, labarin da ya mai da Daura uwar masarautu abu ne mai nauyi a siyasa, ko da kuwa tsohon labari ne.

Palmer da aƙidar baƙo mai kawo wayewa

Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina da Borno kafin ya zama Laftanar Gwamnan Arewa a 1925, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattara takardu da fassara su, kuma har yau ana cin moriyar abin da ya tara. Matsalar tana wajen tabaran da ya duba su da shi. A zamaninsa masanan Turai da yawa sun yi imani da abin da ake kira aƙidar Hamawa, wadda ke cewa duk wani abin ci gaba da aka gani a Afirka, ko sarauta ko birni ko ƙira, wasu fararen fata ne daga arewa ko gabas suka kawo shi ga baƙar fata. C.G. Seligman ya tsara wannan ra'ayi a littafinsa na 1930. Ga mai wannan tunani, labarin Bayajida kamar faɗuwa ce ta zo daidai da zama: ga baƙo daga gabas, ga mutanen da macijiya ta gagara, ga sarauta ta kafu.

Daga nan aka nemi wanda za a ce shi ne Bayajida a tarihin da aka rubuta, aka tsaya a kan Abu Yazid, wani ɗan ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka da ya yi wa daular Fatimiyya tawaye a ƙasar Tunisiya ta yau, aka kashe shi a shekarar 947. W.K.R. Hallam ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1966, yana ganin mai yiwuwa mabiyansa da suka tsere ne suka ƙetaro Sahara. Sai dai shi wannan Abu Yazid ba ɗan Bagadaza ba ne, a can arewa ya mutu, kuma abin da ya haɗa shi da Daura bai wuce kamannin suna ba.

Juyin da aka yi a Zariya

Bayan samun 'yancin kai, sabon rukunin malaman tarihi a Ibadan da Zariya ya tashi tsaye domin ya rubuta tarihin Afirka daga cikin gida. Wanda ya fi kowa girgiza labarin Bayajida shi ne Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da kuma Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A wata maƙala da ya buga a 1970 a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, ya ce masarauta ba abu ne da mahayin doki ɗaya zai shigo da shi a dare ɗaya ba. A bayaninsa, gidajen dangi ne suka taru suka zama ƙauyuka, wasu ƙauyukan suka bunƙasa suka zama garuruwa saboda kasuwa da ƙasar noma da tama, sa'an nan wasu garuruwan suka zama birane masu ganuwa da ke jawo baƙi daga nesa. Irin waɗannan wurare sukan kasance a gindin duwatsun da ake girmamawa saboda iskoki, kamar Dala a Kano da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara. A cikin birni, inda dangantakar jini ba ta isa ta haɗa mutane ba, nan ne aka bukaci sarki da masu sarauta. Wannan tafiya ta ɗauki ƙarnoni, ta kuma kai ƙarfinta a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa a Kano da Muhammadu Korau a Katsina.

To ina matsayin labarin ke nan? Smith ya karkata ga cewa yana nuna zamanin da Borno ta yi rinjaye a kan ƙasar Hausa, wajen ƙarni na 16 zuwa na 17. Akwai hujja mai ƙarfi a nan wadda mai karatu zai iya aunawa da kansa. Idan Bayajida ya zo ne a ƙarni na 10 kamar yadda ake ƙiyastawa, to a lokacin sarakunan Saifawa, wato gidan sarautar Borno na dā, suna Kanem, gabas da Tafkin Cadi. Ba su ƙaura zuwa Borno ba sai a ƙarshen ƙarni na 14, kuma babban birninsu, Birnin Gazargamu, sai wajen shekarun 1470 Mai Ali Gaji ya kafa shi. Labarin da ya sa baƙon ya sauka a fadar Sarkin Borno yana ɗauke da hoton duniyar da masu ba da shi suka sani, duniyar da wasu sarakunan Hausa ke aika gaisuwa Gazargamu, suna kuma aro sarautu irin su Galadima da Ciroma daga Barebari.

Ɗalibin Smith, Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya ɗauki wannan hanya ya zurfafa ta a bincikensa kan Katsina, wanda aka buga a 1981. Ya nuna cewa tarihin Katsina yana da nasa zaren, na Durɓawa da yadda Korau ya karɓi mulki daga hannun Sanau, da na garuruwa da sana'o'i da baƙin da suka riƙa shigowa suna zama 'yan gari. Har ya rasu a 2005 yana yaƙi da ra'ayin da ke ɗaukar ƙabila a matsayin jini ɗaya da ya gangaro daga kaka ɗaya. Mahdi Adamu ma, a littafinsa na 1978, ya nuna yadda fatauci da malanta suka yi ta mai da mutane daban-daban Hausawa har Gwanja da bayanta. Wannan makaranta ta Zariya ita ce ta fi tasiri a jami'o'in Arewa, kuma ina ganin ta cancanci hakan, domin ita ce ta maido da manomi da maƙeri da maɗinki da marini cikin tarihin da a dā sarakuna kaɗai ake gani a ciki.

Waɗanda ba su yarda a rufe littafin ba

Ba kowa ne ya gamsu ba. John Sutton, masanin kufai da ya koyar a Zariya, ya rubuta a 1979 cewa an yi gaggawar yar da labarin. Ya lura cewa hanyar da Bayajida ya bi, daga Borno zuwa Haɗeja zuwa Gaya zuwa Daura, ta yi daidai da abin da yake ganin ya faru ga harshen Hausa kansa, wato ya faro ne daga gabashin ƙasar Hausa ta yau ya riƙa yaɗuwa yamma har Zamfara da Kabi. Smith kuwa ya fi karkata ga cewa kakannin Hausawa sun zauna can arewa, bushewar Sahara ce ta turo su kudu, ra'ayin da ke samun goyon baya a labaran Gobirawa masu cewa daga Azbin suka fito, wanda kuma malaman Nijar irin su Djibo Hamani suka ba shi muhimmanci. Wannan saɓani na gabas ko arewa yana nan ba a warware shi ba, kuma shi ne ainihin gardamar asalin Hausawa a tsakanin masana, ba zancen Bagadaza ba.

A can gefe guda akwai Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth a Jamus, wanda ya yi nazarin bikin Gani na Daura ya ce labarin ya fi yadda ake zato tsufa nesa ba kusa ba. Ya kwatanta Bayajida da Daurama da kuyanga da ƙissar Annabi Ibrahim da Saratu da Hajara, ya kuma danganta kafuwar masarautun yankin da mutanen da suka watse bayan faɗuwar daular Assuriya a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa. Rubuce-rubucensa suna yawo sosai a intanet, saboda haka ya kamata mai karatu ya san cewa yawancin malaman tarihin Afirka ba su karɓi wannan ra'ayi ba. Dalilinsu shi ne ya dogara da kamannin sunaye da na al'adu, ba a tono wani abu a ƙasa da ya tabbatar da irin wannan ƙaura ba, kuma a ƙarshe ya sake komawa ga tsohuwar maganar cewa daga waje aka kawo mana sarauta.

Akwai kuma abin da ke rage wa zancen Bagadaza nauyi idan aka ɗaga kai aka dubi maƙwabta. Saifawan Borno sun ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman suka fito. Tarihin Sangai ya ce wani baƙo daga Yaman ne ya kashe kifin da mutanen Kukiya ke bauta wa aka naɗa shi sarki. Mutanen Bargu suna da Kisra, wasu labaran Yarabawa sun kai Oduduwa Makka, Fulani kuma suna ambaton Uƙba ɗan Nafi'u. Da wuya a ce dukan waɗannan gidaje baƙi ne daga gabas. Abin da ya fi kama hankali shi ne cewa bayan Musulunci ya kafu, kowace fada ta so ta jingina nasabarta da ƙasashen da addini ya fito.

Daga ina aka samo shekarar 999?

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999, har ana ɗaukar wannan lamba kamar an rubuta ta a ranar naɗin. Asalinta shi ne kundin Tarihin Kano na Larabci, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908. Kundin bai ba da shekarar hawan Bagauda ba, tsawon mulkin kowane sarki ya bayar. Palmer ne ya ɗauki alƙalami ya fara daga sarakunan da aka san zamaninsu ya riƙa ɗebe shekarun kowane sarki yana komawa baya, har lissafi ya tsaya a 999. Idan an manta da sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekaru don girmamawa, ko wasu biyu sun yi mulki a lokaci guda, duk lissafin ya goce. Daga zamanin Rumfa, wanda aka sa tsakanin 1463 da 1499, ana iya gwada kundin da wasu shaidu, kamar zuwan Shehu Magili, malamin nan na Arewacin Afirka, Kano a farkon shekarun 1490. Kafin nan kuwa ƙiyasi ne.

Shi kansa kundin an yi doguwar muhawara a kan lokacin rubuta shi. Murray Last ya ga cewa an harhaɗa jigonsa a tsakiyar ƙarni na 17 aka yi ta ƙari daga baya, kuma ya ce a karanta farkonsa a matsayin misalai da ishara. M.G. Smith, wani masanin daban da Abdullahi Smith, ya fi amincewa da shi a matsayin tarihin da ya taru a hankali. John Hunwick kuma, a 1994, ya kawo hujjoji cewa aikin mutum ɗaya ne a shekarun 1880, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, inda kundin ya tsaya, har ya nuna yiwuwar Ɗan Rimi Barka ne ya tsara shi. Abin lura shi ne kundin ya buɗe ne da Dala da Barbushe da bautar Tsumburbura, wato da mutanen da Bagauda ya tarar, kamar dai yadda labarin Daura ya buɗe da sarauniyoyi.

Shaidar harshe da shaidar ƙasa

Masana harshe sun fi malaman tarihi samun matsaya. Tun bayan aikin Joseph Greenberg a shekarun 1950 zuwa 1963, an amince cewa Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 100, kuma 'yan'uwanta na kusa su ne Gwandara da Bolanci da Karekare da Angas da Tangale da makamantansu, dukansu a Nijeriya. Gaskiya ne harsunan Cadi da Larabci suna da kaka ɗaya, amma rabuwarsu ta kai dubban shekaru, tun kafin a gina Bagadaza a shekarar 762. Kalmomin Larabcin da suka cika Hausa aro ne da ya biyo addini da karatu da ciniki, wasunsu ma ta bakin Barebari suka shigo.

Ƙasa ma ta yi magana, ko da yake kaɗan aka tambaye ta. Gwajin da aka yi wa burbushin wani matoyin tama a Dutsen Dala ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, shekaru ɗaruruwa kafin lokacin da aka ba Bagauda. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, akwai tuddan kaburbura da Palmer ya fara tonawa a 1907, aka sake tona wasu a 1992 tare da masanan Jamus. An sami manyan mutane da aka binne da awarwaron hauren giwa da 'yan kunnen zinariya da wuri da duwatsun ado da tasar ƙarfe irin ƙirar Masar ko Sham, an kuma ƙiyasta zamaninsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Waɗannan kaya sun tabbatar da cewa masu mulkin Katsina na dā suna da arziki da hulɗar ciniki mai nisa. Ba su ce komai ba game da inda kakanninsu suka fito, domin tasar Masar a kabari shaidar fatauci ce.

Inda abin ya taɓa mutane

Wurin da labarin ya fi yin ciwo shi ne rabon nan na Banza Bakwai. Bazamfare da Bakabe Hausa suke yi tun fil azal, Kabi ta Kanta ta yi ƙarfin da ta gagari Sangai a ƙarni na 16, ganuwar dutse ta Surame tana nan tana shaida, Zamfara kuma ta yi zamaninta kafin Gobirawa su ci birninta a ƙarni na 18. Duk da haka an jera su tare da Nufawa da Jukunawa, wato Kwararrafa, da Yarabawa, waɗanda harsunansu ba su ma cikin dangin Hausa, alhali Biram da Rano, waɗanda ba su taɓa kai su ƙarfi ba, suna cikin 'ya'yan uwargida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rabon taswirar ƙawance da hamayya ce ta wani zamani, kamar yadda aka hango ta daga gabashin ƙasar Hausa. Idan malamin firamare a Gusau ko Argungu ya sa yara su haddace wannan jeri ba tare da bayani ba, ya koya musu cewa kakanninsu 'ya'yan bora ne a kan hujjar da malaman tarihi ba su yarda da ita ba.

Batun ya ƙara muhimmanci yanzu da gwamnatin tarayya ta maido da darasin tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare bayan an shafe fiye da shekara 10 babu shi. Littattafan da yara za su karanta su ne za su yanke ko za a ci gaba da koyar da fassarar Palmer kamar ita ce tabbatacciya, ko za a gaya musu labarin a matsayin gadon Daura mai daraja, sa'an nan a nuna musu abin da Dala da Durɓi ta Kusheyi da harshensu suka ƙara a kai. Ban ga dalilin da zai sa ɗayan ya kori ɗayan ba. Rijiyar Kusugu tana nan cikin ginin da aka kewaye ta da shi, baƙi na zuwa ana jefa guga ana ba su ruwanta su sha, kuma darajarta ba ta rataya a kan samun takardar haihuwar Bayajida ba.

Haɗarin da ya fi girma yana wajen masu ɗaukar labarin su mai da shi makami a rikicin wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A ƙasar da takardar shaidar asali ke iya hana mutum gurbin karatu ko aikin gwamnati, kuma a lokacin da ake zub da jini a karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato ana fakewa da sunan ƙabila, maganar asali ba wasan baki ba ce. Abin da makarantar Zariya ta nuna, cewa zama Bahaushe abu ne da birni da kasuwa da aure da harshe suka yi ta ginawa, bai bar wa mai neman tsantsar jini wurin tsayawa ba, ko daga wane ɓangare ya fito.

Sauran tambayoyin da suka rage, kamar daga wace kusurwa harshen ya yaɗu da kuma yaushe aka fara gina ganuwa, amsarsu tana ƙarƙashin ƙasa ne fiye da cikin takardu. Yawancin kufan ƙasar Hausa ba a taɓa yi musu tono na ilimi ba. Ganuwar Kano ana ta cin ta da gine-gine, wasu kufan an mai da su gonaki, wasu masu haƙar neman dukiya sun birkita su, manyan wurare irin su Alƙalawa da tsofaffin biranen Zamfara kuma suna yankunan da rashin tsaro ya hana ɗaliban jami'o'inmu zuwa aikin fili.